Sha'ibu Mai Tsallake Biyu

Ƙanena Sha'ibu bai taɓa tambayar kowa yadda zai yi abu ba. Ni na goye shi, ni na sha dukan da ya kamata ya sha, don haka ina da bakin faɗa. Tun yana rarrafe, in ka ajiye shi yana kallon gabas, kafin ka juya ya koma yamma. Sunana Asama'u. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli nake sayarwa a kasuwar Gazawa, ranar kasuwar Gangara kuma in ɗora jarkokina a mota in kai can. Ban san kiɗa ba, ban kuma taɓa cewa na sani ba. Abin da na sani shi ne ƙanena.

Babanmu Ishaku makaɗin garaya ne. Maharba yake yi wa, wani lokaci manoma in sun yi gayya. Garayar tsirkiya biyu gare ta, kuma kullum da safe kafin ya kurɓi koko sai ya zauna bakin zaure ya taɓa wannan, ya taɓa waccan, ya ja, ya sassauta, har sai tazarar da ke tsakanin muryoyin biyu ta zauna masa a kunne. Da wannan muka tashi, kamar yadda wasu ke tashi da kukan zakara. Da ya rasu aka rataye garayar a ɗakin Goggo Habi, ƙanwarsa, ɓeraye suka yi biki da fatar. Kowa ya zaci Sha'ibu zai gaje ta. Ya ce shi piyano yake so.

Ya bar lakol, wato makarantar boko, ya tafi Maraɗi, ya manne wa wani mutumin Kwatano da ke kiɗa a wani otal. Yana ɗaukar masa kaya, shi kuma yana koya masa. Abin da ya koyo, yadda ya nuna mini daga baya, ba shi da wuyar ganewa. Piyano madannai gare ta a jere, farare da baƙaƙe. In za ka raka mawaƙi ba ɗaya kake dannawa ba, uku kake kamawa a tare da hannun hagu. Ka danna fari ɗaya, ka tsallake ɗaya, ka danna, ka sake tsallake ɗaya, ka danna. Malaminsa akor yake kiran wannan, mu a gida kamu muke cewa. Haka ake yi a Maraɗi, haka ake yi a Kano, haka yake a duk waƙar da za ka ji tana fita daga wayar yaran tasha.

Da ya dawo Gazawa sai Dalhatu ya ɗauke shi. Dalhatu shi ke da kayan kiɗan biki a wajenmu: piyano, lasifika, janareto, har da rumfar. Sha'ibu ba shi da ko igiyar wuta, yatsunsa kawai ya kawo. Shekaru suka yi ta tafiya lafiya. Biki, suna, taron ƙungiyar manoma, daga Agye har ƙauyukan bakin iyaka. Sha'ibu ya auri Munira, suka haifi yara, ya yi ɗaki na siminti. Na ce to, Allah ya shirya mana shi.

Ashe ban gama magana ba.

Wani rani Sha'ibu ya shiga ɗakin Goggo Habi ya sauko da garayar. Ya kai aka sake mata fata, ya ɗaura tsirkiya, ya zaunar da Goggo a gabansa yana ja yana sassautawa, ita kuma tana girgiza kai. Can ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya nan. Nan Ishaku ke aje ta." Sai ya ɗauko piyanon Dalhatu da ke kwana a wurinsa, ya shiga neman muryoyin nan biyu a kanta. Ya same su. Tsakaninsu farare biyu ne, ba ɗaya ba. Ya zauna yana kallon hannunsa. Sannan ya sake tsallake biyu daga na saman, ya ɗora na uku.

Ina cikin suyar ƙuli ya zo ya tsaya a kaina da piyano a hammata.

"Yaya, saurara ki ji wani abu."

"Ka ga hannuna cikin mai."

"Ba da hannu za ki ji ba."

Ya danna kamun da kowa ya sani, na ce na ji. Ya buɗe yatsunsa ya danna sabon. Na ce masa wannan kamar mutum ne ya yi sallama a ƙofar gida ya ƙi shigowa. Na faɗa ne don in kashe masa gwiwa, amma sai fuskarsa ta washe, ya ce ai shi ke nan, na gane.

Ban gane ba, sai da ya yi ta maimaita mini har ƙulin ya kusa ƙonewa. Ya ce a kamun da aka koya masa, na tsakiyar nan shi ne mai ba da umarni. In ya hau kaɗan, ya ce wa mai ji ya yi murna. In ya sauka kaɗan, ya ce masa ya yi baƙin ciki. Shi kuwa ba ya son piyano ta riƙa gaya wa mutane abin da za su ji. Ya ce waƙoƙin tsofaffinmu ma ba a kan madannan nan aka gina su ba, muryar tsohuwa takan zauna a tsakanin biyu, kuma daidai nan na tsakiyar ke tsaye yana tokare ta. In ka tsallake biyu kuwa, ka bar mata fili.

"Yadda muke shuka hatsi ne, Yaya," ya ce. "In kin matse ramukka, ina wake za ya shiga?"

Na ce masa wake ba ya biyan makaɗi.

Akwai wuri guda a jerin da in ya tsallake biyu sai abin ya yi tsami, dole ya hau baƙi. Wannan ma ya gano shi da kansa, ya yi ta murna kamar ya tsinci akuya. Da ya je Maraɗi ya nuna wa tsohon malaminsa, mutumin ya ce ai wannan sananne ne, yana cikin littattafai, kamu na huɗu-huɗu ake ce masa, don in ka ƙirga daga yatsa zuwa yatsa madanni huɗu ne. Ya ce amma ba a kai shi gidan biki. Sha'ibu ya dawo da rabin farko na maganar, ya bar rabin ƙarshe a Maraɗi.

Daga nan rigima ta fara. Kuma zan faɗi gaskiya, Dalhatu ba mugun mutum ba ne, yana da hujja. Samari su fito fili za su taka, sai su ji kiɗan yana rataye, bai sauka ba. 'Yan mata su ce ba irin na waya ba ne. Wani ango a Gangara ya tambaya ko piyanon ce ta lalace. Yaran tasha suka laƙaba masa Tsallake Biyu, in ya wuce su riƙa buɗe yatsu suna dariya. Shi kuwa sai ya ɗaga musu hannu a buɗe ya wuce. Dalhatu ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya haɗa shi da abokai. Sha'ibu ya yi biki biyu yadda ake so, a na uku yatsun su buɗe da kansu.

Ni bayan Dalhatu na bi, kuma har yau ban ce na yi kuskure ba. Mutum mai mata da yara, kayan aikin ma ba nasa ba, ina shi ina gyaran kunnen jama'a? Na sha gaya masa ya naɗe yatsun nan ya ci abincinsa. Yakan yi shiru ya bar ni in gama, ya ce, "Na ji, Yaya." Wanda ya san Sha'ibu ya san wannan ba amsa ba ce.

Ana cikin haka aka sa ranar auren 'yata ta fari. Ba zan faɗi sunanta ba, ta fari ce, ba a yi mini tarbiyyar kiran sunan ɗan fari ba. Ta yi karatun aikin jinya, ta zaɓi mijinta da kanta, ɗan Gidan Sori, can yamma bayan Maraɗi. Dangin angon manyan 'yan kasuwa ne masu yawan hidima, kuma Dalhatu ya daɗe yana son kayansa su shiga wannan yanki. Ya zo har rumfata ya same mu ni da Sha'ibu.

"Asama'u, ke ce babba, a gabanki za ni hwaɗi," ya ce. "Bikin ga in ya yi mini tsallake biyu ko sau guda, ya tashi daga kan piyanona ke nan. Ban sake magana."

Na juya na kalli Sha'ibu. Na ce masa bikin 'yata ne, kada ya kunyata ni a gaban baƙi. Ya ce ya yi alkawari. Wannan karon bai ce "na ji" ba, alkawari ya ce, shi ya sa hankalina ya kwanta.

Ranar wuni na shige ɗaki na zauna, kamar yadda uwar 'yar fari ke yi. Ba na fita tsakar gida, ba na rawa, ba na yi wa amarya magana a gaban mutane. Munira da maƙwabta su ke hidima, ni sai dai a leƙo a gaishe ni. Ta taga nake jin komai. Sha'ibu ya cika alkawari. Tun hantsi yake zuba musu irin wanda suke so, gangar inji na bugawa daga cikin piyano, fili ya cika, ƙura ta tashi. Dalhatu sai yawo yake da makirfo yana kiran sunayen dangin ango. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Bayan la'asar motoci suka jeru, don hanya da nisa. Aka fito da amarya a lulluɓe. Dalhatu yana da waƙarsa ta rakiya da yake yi a kowane biki, ya gyara murya zai fara. Sai Goggo Habi ta taso da sandarta ta miƙa hannu. Ba a hana tsohuwa makirfo a bikin jikarta. Ya ba ta, ya sunkuya ya ce wa Sha'ibu ya sa mata ganga da kamu ta yi ta gama.

A gidanmu akwai waƙar da ake raka ɗiya da ita. Da ita aka raka Goggo, da ita aka raka ni, Baba na binta da garaya. Mutum ɗaya ke bayarwa, mata su amsa. Goggo ta ɗauko:

"Ki sha ruwan gidanmu ki ƙoshi, ɗiya,
rijiyar can ba ta san guganki ba."

Sha'ibu ya bi ta da kamun da aka sani. Ko ni da ban san kiɗa ba na ji abin bai zauna ba. Muryarta ta nufi wani wuri, piyano ta tare ta. Ta sake ɗaukowa, ta hau kaɗan don ta daidaita da shi, muryar ta karye. Wasu 'yan mata suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Goggo ta tsaya. Ta manta makirfo na bakinta, ta juya ta ce, kowa na ji:

"Ɗan nan, turo ni kake yi. Ubanka bai taɓa turo ni ba."

Na miƙe na tsaya jikin taga, ina ganinsa ta tsakanin labule. Ya kai hannu ya kashe gangar injin. Ya kalli Dalhatu, ya kalli ƙofar ɗakina. Sannan ya buɗe yatsunsa.

Ban san yadda zan kwatanta ba. Na dai ji zauren gidanmu da safe, na ji Baba. Goggo ta ɗauko baitin a karo na uku, muryar ta shige ta zauna, babu abin da ya taɓa ta.

Dalhatu ya matso ya ce masa wani abu a kunne. Sha'ibu bai ɗago ba. Dalhatu ya sake faɗa, wannan karon da ƙarfi: "Ka koma." Bai koma ba. Dalhatu ya taka zuwa wajen lasifika ya zare igiyar. Makirfo ya mutu, manyan lasifika suka mutu. Abin da ya rage sai ƙaramar muryar da ke jikin piyanon kanta, da muryar tsohuwa wadda ba ta kaiwa ƙofar gida.

Goggo ba ta tsaya ba. Ta kai ƙarshen baitin, ta saurari amshi. Babu wanda ya amsa. Matan da suka san amshin sun mutu, ko aure ya kai su nesa, 'yan matan yanzu kuwa ba su taɓa jin ta ba. Sha'ibu ya riƙe kamun yana jira, Goggo tana jira, amarya tana tsaye cikin lulluɓi. A duk gidan nan mutum ɗaya ya rage da ya san amshin, kuma tana cikin ɗaki tana kunyar 'yar fari.

Na yaye labule na fita, ko mayafi ban gyara ba. Na ce:

"Za ta sani, za ta sani,
a hankali za ta sani."

Muryata ba ta waƙa ba ce, ta ciniki ce, amma tana kaiwa nesa. Goggo ta bayar, na amsa, ta bayar, na amsa. A baiti na uku Munira ta kama, sai wata maƙwabciya, sai wata tsohuwa daga cikin dangin ango da ta ce a garinsu ma akwai mai kama da ita. Muka raka yarinyar har bakin mota. Kafin ta shiga ta laluɓo hannuna ta ƙarƙashin lulluɓi ta matse, ni ma na matse. Tun da na yaye ta ban taɓa riƙe hannunta a gaban mutane ba. Na yi kuka, kuma ban ɓoye fuska ba.

Kada a zaci kowa ya ji abin da na ji. Abokan ango sun yi ta gunaguni an kashe musu rawa. Mata sun yi mako suna cewa Asama'u ba ta da kunya, ta fito tsakar gida tana waƙa ranar auren 'yar fari. Na ce su faɗa, bakinsu ne. Dalhatu kuwa ko motocin ba su gama fita ba ya naɗe igiyoyinsa, ya ɗauke piyanon daga gaban Sha'ibu da hannunsa, ya ɗaure a bayan moto, wato babur ɗinsa. Bai yi zagi ba. Ya ce dai magana ya riga ya yi.

Dalhatu ya kawo wani saurayi daga Tasawa ya zauna a kujerar. Sha'ibu ya karɓi moton wani abokinsa ya shiga kabu-kabu, Gazawa zuwa Gangara, wani lokaci har bakin iyaka. Damina ta zo ya yi noma. Tuwo bai yanke a gidansa ba, amma Munira ta ce mini in ya dawo ba ya magana, sai ya zauna yana danna gwiwarsa da yatsu. Garayar tana nan, yakan taɓa ta, amma tsirkiya biyu ce, shi kuwa uku yake ji a kansa. Na ga yadda yake rage gudu in ya wuce gidan da ake biki. Abin ya ci ni ƙwarai, don na san da bakina aka sa shi alkawarin, da muryata kuma aka ƙarasa karya shi.

Bayan an gama girbi, lokacin da bukukuwa ke yawa, saurayin Tasawa ya tattara ya tafi Kano. Ranar kasuwa sai ga Dalhatu a rumfata. Ya aika aka kira Sha'ibu daga tasha, ya zo da ƙura har gira.

"Asama'u, wurinki na zo, don ke kin san gaskiya tun farko," in ji Dalhatu. "Kujera tana nan. Ya dawo gobe in yana so. Abu guda ne, wanda kika sani. Ki gaya mishi ya naɗe yatsun ga."

Na zaci Sha'ibu zai yi irin shirun nan nasa. Sai ya dube ni, idanunsa sun yi ja, ya ce, "Yaya, na gaji. Abin da kika ce shi za ni yi."

Tun da aka haife shi ban taɓa jin wannan magana daga bakinsa ba. Shekara da shekaru ina jiran ta, kuma da ta zo ban ji daɗinta ba ko kaɗan. Na dubi hannun da ya dafa a kan teburina. Riƙon kan moto ya sa masa kanta, yatsun sun lanƙwashe kamar har yanzu yana riƙe da shi.

Na ajiye ludayin mai. Na kama hannun nan da hannuwana biyu, na shimfiɗa shi a kan tebur, na ware babban yatsa gefe, na ware na tsakiya, na ware ƙaramin, har sai da suka kai inda na ga suna kaiwa ranar bikin.

"Dalhatu, ga shi nan," na ce. "Haka hannun yake. In kana so ka ɗauka haka. In ba ka so, Allah ya ba ka wani."

Dalhatu ya dube ni, ya dubi hannun. Ya ce ashe mu duka gidan haka muke. Na ce haka muke. Ya hau motonsa ya tafi, bai ce e ba, bai ce a'a ba, kuma har yau da nake wannan magana bai aiko ba.

Sha'ibu ya tsaya yana kallon yatsunsa, duk na shafe su da man gyaɗa. Can wata mata mai buhun wake ta ƙwala kira daga bakin hanya tana neman mai zuwa Gangara. Na miƙa masa tsumma ya goge, bai karɓa ba. Ya tafi da hannun a buɗe, bai naɗe shi ba sai da ya kama kan moto.